Kwalabe Tara

Duk unguwar babu wanda bai san Mai Rijiya ba. Wanda ya ce bai san shi ba, to bai taɓa jin ƙishirwa ba ne. Rijiya ɗari biyu da 'yan kai ya haƙa da hannunsa kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta masa sai dai ya kalle shi kamar sawun kaza, amma in ya tsaya a fili ya dubi ciyawa, ya ɗebi ƙasa ya murza ya shinshina, ya ce ga inda ruwa yake, to nan ɗin ne. Masu takarda sun sha zuwa da na'urarsu su yini suna zagaye, ƙarshenta su tsaya daidai inda ya kafa sandarsa tun da safe.

Sau biyu rijiya tana ruftawa da shi, sau biyu ana jawo shi da ransa. Ta biyun ce ya fi son ba da labarinta, kuma duk wanda ya zauna a bencin ƙofar gidansa sai ya ji shi, ko ya so ko ya ƙi.

"Gaba arba'in!" Haka yake farawa, ya ware hannuwansa iya faɗinsu don 'yan zamani su ga abin da ake kira gaba. "Gaba arba'in a ƙarƙashin ƙasa, yashi ya kawo mini iya wuya, ina hango sama kamar bakin kwalba."

Sai murya ta fito daga cikin gida, ba da ƙarfi ba: "Sha bakwai."

Matarsa ke nan, wadda yake kira Gajera tun suna da ƙuruciya.

"Ke kika shiga, ko ni?"

"Ni na riƙe igiyar."

Nan maganar take mutuwa, don gaskiya ce. Ranar da abin ya faru abokan aikinsa sun watse neman taimako, ita ce ta naɗe igiyar a ƙugunta, ta tokare ƙafa da dutse har mutane suka iso. Tabon yana nan a tafin hannunta. Shekara hamsin da ɗaya suna tare, yana cewa arba'in tana cewa sha bakwai, shi bai rage ba, ita ba ta ƙara ba.

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali, shekara uku ke nan. Da fari makulli aka samu a cikin gwangwanin gishiri, aka yi dariya. Daga baya ta ɗora tukunya a wuta babu ko ɗigon ruwa, ta zauna tana jiran ta tafasa. Sannan ta fara tambayar ina mahaifiyarta ta tafi, matar da ta rasu tun kafin a haifi 'ya'yansu. Mai Rijiya ya ɗauki girki, ya ɗauki wanki, ya ɗauki wanka da taje kai, ya koyi kitso da yatsun da suka saba da diga. Kitson kam ba ya kyau, amma ba a taɓa jin ya yarda da haka ba. 'Ya'yansu suna nesa, sai Auta kaɗai, 'yarsu ta ƙarshe, mai shagon ɗinki a ɗaya gefen gari. Duk sa'ad da ta ce za ta taya shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni da ƙasa ta kasa haɗiyewa, tsintsiya ce za ta gagare ni?"

Yana da gwajinsa na kansa, wanda ba likitan da ya koya masa. Kowace safiya in ya miƙa mata shayi sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gaba arba'in fa." In ta ce sha bakwai, ya san matarsa tana nan. Ta manta ranakun mako, ta manta hanyar banɗaki, wani lokaci ta dubi Auta ta ce wace ce wannan yarinya mai kirki, amma sha bakwai ba ta taɓa kuɓuce mata ba.

A babban asibiti akwai wata likita, ba ta fi sa'ar Auta ba, mai tabarau da saurin tafiya, da take bincike a kan masu irin wannan ciwo. Ita ta nemi su shiga.

"Baba, a jikin kowa akwai wani sinadari da yake tashi in mutum ya shiga damuwa ko tsoro," in ji ta. "Mu muna ce masa kotisol. Da safe yana sama, zuwa yamma ya kamata ya sauka, kuma ana ganin sa a yawu. Jini kuma yana nuna mana ko garkuwar jiki tana faɗa da wani abu, wato ko akwai kumburi a ɓoye. So muke mu gano ko waɗannan biyun suna da hannu a yadda mantuwa take gudu a wasu, take rarrafe a wasu. Ba mu gama sani ba, shi ya sa muke nema."

"Wato ruwan rijiya," in ji Mai Rijiya. "Da asuba ya cika, in an yini ana ja ya sauka."

"Kusan haka."

"To ai da kin tambaye ni tun farko, da ba ki sha wahalar karatu ba."

Aikin ba wuya. Duk bayan wata shida ana ba shi 'yan kwalabe tara, kowace da dunƙulen auduga a ciki. Gajera ta tauna audugar har ta jiƙe da yawu, a mayar a rufe, a sa a firij. Da yake ba ya karatu, likita ta raba masa su da launin murfi: ja da zarar ta farka, kore bayan rabin awa, shuɗi da faɗuwar rana, kwana uku a jere. Ranar da ya mayar da su sai a ɗebi jininta. Zagaye biyu ya yi babu kuskure ko ɗaya. Masu digiri sun kawo nasu a birkice, wani ya manta da rabi a aljihu, shi kuwa tara cif, a jere kamar sojoji. Har likita ta taɓa nuna shi a gaban sauran masu jinya ta ce, "Ku dubi Baba." Wannan magana ya kai ta benci, ya kai ta wurin mai aski, ya kai ta har kasuwa.

Mako biyu kafin zagaye na uku abubuwa suka canza. Gajera ta daina cin abin kirki, sai mai ruwa-ruwa, shi ma cokali biyu ta kau da kai. Ruwan randa da take so saboda sanyinsa, ya miƙa mata ta buge kofin. Matar da ba ta taɓa ɗaga wa ko kaza hannu ba ta yakushe shi a wuya. Barci kuwa ya ƙaura daga gidan, nata da nasa duka. Ran nan da safe ya kawo shayi ya ce, "Gaba arba'in fa." Ta dube shi kamar bango take kallo. Ya ce gaba hamsin. Shiru. Ya kai har saba'in, ba wanda ya rage masa ko taku ɗaya.

Auta ta zo ta tarar da uwarta a takure a kusurwar gado, ubanta kuma idanu sun faɗa, riga a juye.

"Baba, zan tafi da Mama gidana."

"Ki tafi da wa?"

"Dubi wuyanka fa. Dubi yadda ta rame. Yaushe rabonka da barci?"

"Barci na ragwaye ne. Na taɓa yin kwana uku a ramin..."

"Baba, don Allah, yau ba ranar labarin rami ba ce. Abin ya fi ƙarfinka."

"Ƙarfin wa? Ke da na goya ki a wuyan nan?" Ya dafa ƙofa. "Ɗakin nan ta sani. Ta san inda taga take, ta san ƙarar wannan ƙofar. Kika kai ta inda ba ta sani ba, ɗan abin da ya rage mata ma zubewa zai yi."

Auta ta share ido da bakin mayafinta. "To mu jira gwajin asibiti. In likita ta ce jikinta ya yi tsanani, ba za ka hana ni ba."

"In ta ce. Ni likitar nan da ni take misali."

Washegari da sassafe ya buɗe jan murfi, ya miƙa audugar. Gajera ta datse baki. Ya lallaɓa, ya kira ta da sunayen da rabonsa da su tun suna amarci, ya kai audugar bakin leɓenta. Ta fizge ta ta jefar ƙarƙashin gado, ta juya ta kwanta a gefen dama, ta rufe kuncinta na hagu da tafin hannu. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya lalubo audugar, ya hure ƙurar, ya zauna a bakin gado yana kallon ta.

Ya ga kansa yana shiga ofishin likita da kwalabe tara babu komai a ciki. Ya ga Auta a tsaye a bayansa tana cewa, kin gani ko, ko auduga ya kasa sa ta taunawa. Ya ga an naɗe kayan Gajera an sa a mota.

Sai wani tunani ya zo masa, irin na mai sana'a. Ya sha haƙa rijiya biyu a gida ɗaya, kuma ya san in jijiyar ruwan ɗaya ce, ko daga wacce ka ɗebo ɗanɗanon bai bambanta. To shi da Gajera fa? Shekara hamsin da ɗaya tukunya ɗaya, randa ɗaya, iskar ɗaki ɗaya. In ta yi mura ya yi, in ya yi zazzaɓi ta yi. Ina yawunsa zai bambanta da nata? Kuma shi lafiyarsa ƙalau, zuciyarsa dutse ce. In ma akwai bambanci, nasa zai fi kyau, likita ta ga sinadari a kwance, ta ce wa Auta ta bar tsofaffi su huta.

Ya jefa audugar a baki ya tauna.

Kwana uku ya yi yana wannan aiki, kuma ba a taɓa yin sa da tsari irin haka ba. Ja da farkawa, kore bayan rabin awa daidai da agogon rediyo, shuɗi da faɗuwar rana. Ya jera su a firij, ya kai asibiti, aka ɗebi jinin Gajera da kyar, mutum biyu suna riƙe da ita. Da likita ta karɓi kwalaben ta ce, "Baba ba ya ba da kunya." Karon farko ke nan da aka yabe shi bai ƙara komai a kai ba.

Kwana biyar bayan haka aka kira su. Suka zauna su uku a gaban teburin likita, Gajera a tsakiya, ta sunkuyar da kai. Likita ta cire tabarau ta murza ido, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

"Abu biyu ne suka dame ni," in ji ta. "Na farko jini. Alamar kumburi ta tashi sosai, ta ninka ta wancan karon. Jikin Mama yana faɗa da wani abu. Na saurari ƙirjinta, an duba fitsarinta, ban ga inda yake ba. Irin wannan faɗan yakan ƙara rikita mai ciwon mantuwa cikin 'yan kwanaki."

Auta ta dubi ubanta. Shi kuwa ya kafa wa kalandar bango ido kamar mai karatu.

"Na biyu yawu." Likita ta juyo da takarda, ta nuna wani zane. "Ga na wata shida da suka wuce: ya hau da safe, ya gangaro da yamma. Ga na yanzu. Ya hau, ya ƙi saukowa. Kwana uku a jere, da yamma ma yana sama. Ban taɓa ganin nata haka ba. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma in na haɗa shi da jinin da kuma yadda ta canza, ba zan iya cewa ku koma gida ba. Zan kwantar da ita, a yi ta ɗiban jini safe da yamma, a yi hotuna, mu ga me ke faruwa."

"Kwana nawa?" in ji Auta.

"Mako ɗaya, wataƙila fiye."

"Daga nan sai gidana," in ji Auta a hankali, ba ta dubi kowa ba.

Mai Rijiya ya dubi hannun matarsa, inda allurar ranar nan ta bar shaida baƙa-ƙirin. Ya tuna ihun da ta yi. Mako guda na allura safe da yamma, a ɗakin da ba ta san tagarsa ba, a kan yawun da ba nata ba.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Likita. Wannan layin da ya ƙi saukowa."

"Na'am, Baba."

"Nawa ne."

"Naka kamar yaya?"

"Ni na tauna. Duka taran."

Auta ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Baba! Kai ka... Innalillahi! Yawunka ka kawo wa mutane?"

"To ai tukunyarmu ɗaya," in ji shi, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ya so ba. "Rijiya biyu in suna kan jijiya ɗaya..."

"Mama rijiya ce?"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro. "Baba, ka san da na shigar da wannan a matsayin nata, da na ɓata aikin mutane da yawa? Kuma da na yi ta huda ta a banza?"

"Na sani yanzu, 'yata. Na yi laifi. Ki rubuta a takardarki cewa tsohon banza ne ya yi, ba ita ba."

Likita ta jawo kujerarta kusa. "Bar wannan tukuna. Me ya sa ba ta tauna ba? Sau biyu tana yi ba gardama."

"Ƙi ta yi. Ta datse baki, ta jefar."

"Tun yaushe take datse baki?"

A nan fa aka zo fagensa. Mutumin da yake karanta ƙasa da ido, a ce bai karanta matarsa ba? Ya shiga lissafowa: mako uku ke nan ba ta cin abu mai tauri, in ta ci ma a gefen dama take juya shi, ruwan sanyi ta daina sha, sai mai ɗumi, kullum a gefen dama take kwanciya, hannunta a kan kuncin hagu, in yana wanke mata fuska ya zo nan wajen, nan take kai masa duka. Yana faɗa yana jin maganar tana shiga kunnensa kamar wani ne yake gaya masa. Ya tsaya.

"Kai," in ji shi. "Kai, kai, kai."

Likita ta riga ta ɗauko 'yar tocila. "Mama, buɗe bakinki in gani." Gajera ta ƙara datsewa, ta ture hannun. Auta ta gwada, ita ma aka ture ta.

"Ku matsa," in ji Mai Rijiya. "Ba a haka ake yi ba. Ke dai riƙe fitilarki a shirye."

Ya jawo kujerarsa ya zauna daidai gabanta, har gwiwoyinsu suna taɓa juna. Ya jira har ta ɗago ido. Sannan ya buɗe baki ya yi hamma. Da niyyar wasa ya fara ta, amma ta gaske ta zo, hammar mako uku, har da hawaye. Tun suna matasa haka suke: in ya yi hamma sai ta yi, ta bi shi da harara ta ce ya shafa mata. Gajera ta kalle shi. Muƙamuƙinta ya motsa. Bakin ya buɗe rabi, ta yi 'yar ƙara ta dafe kunci, amma hasken ya riga ya shiga.

"Ga shi can," in ji likita. "Matauni na ƙarshe a hagu. Ya rube, dasashin ya kumbura, har da mugunya. Allah sarki, Mama. Mako uku tana fama da wannan, ba ta da kalmar da za ta faɗa."

Mai Rijiya ya kama hannun matarsa, mai tabon, ya riƙe.

A ranar aka tura su wurin likitan haƙori, aka fara ba ta magani, aka sa ranar cirewa. Aka fasa kwanciyar asibiti. Amma kafin su fita likita ta ce, "Baba, zauna. Ban gama da kai ba." Ta sake juyo da takardar nan. "Tunda wannan taka ce, sai mu yi maganarta."

Ya leƙa zanen. "Kin ce ya yi sama?"

"Sosai."

"Ya fi na sauran?"

"A cikin waɗanda na auna a wannan zagayen, ban ga wanda ya kai shi da yamma ba."

Ya juya ya dubi Auta. "Kin ji ko? Ko a nan ma ba a gabana."

Wannan karon likita ta yi dariya har ta dafe tebur, Auta ma ta kasa riƙewa, tana dariya tana share hawaye.

"Ba gasa ba ce, Baba," in ji likita da ta nutsu. "Bakinka yana cewa lafiya lau, jikinka yana cewa wuta ake yi. Ba zan ce wannan kaɗai ciwo ne ba, sai na duba ka sosai. Amma mutumin da ba ya barci, ba ya hutawa, in ya faɗi, wa zai san a wane gefe Mama take kwanciya? Ni ban sani ba. Auta ba ta sani ba."

"Ni ba na faɗuwa."

Auta ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, in tambaye ka. A rijiya ɗari biyun nan, guda nawa ka shiga babu mai riƙe igiya a sama?"

Ko mahaukaci ba ya shiga rami shi kaɗai. Shi da kansa ya taɓa korar ma'aikaci saboda ya saki igiya ya tafi shan ruwa.

"Shekara uku kana ciki," in ji ta. "Wadda ta saba riƙe maka kuma ga ta nan zaune, ba ta iyawa. Ba zan ɗauke ta ba, na ga abin da na gani yau. Amma keken ɗinkina zai dawo ɗakin ƙofar gida. In yini a can, kai kuma bayan azahar ka shiga ka kwanta, ko kana so ko ba ka so."

Mai Rijiya ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama. "To," in ji shi. "Dama ina da niyyar in ce ki zo. Kin riga ni ne kawai."

An cire haƙorin. Ya roƙa aka ba shi a 'yar takarda, ya kai benci yana nuna wa mutane, yana cewa shi ya gano shi bayan na'urorin asibiti duk sun gaza. Amma in ya zo nan a labarin yakan tsaya, ya ce a bar wasa, yarinyar nan mai tabarau Allah ya yi mata albarka, don da wata ce da ta kore shi da kwalabensa, ita kuwa tambaya ta yi. Ya ce jinin ma a gode masa, shi ya yi ta ihu a madadin wadda ba ta iya faɗa. Har yawun nasa yakan sa a godiyar, wai shi ne kaɗai a jikinsa da bai iya cika baki ba.

Mantuwa ba ta tafi ba, likita ma ba ta ce za ta tafi ba. Gajera ta ci gaba da tambayar mahaifiyarta. Amma ta koma cin abinci, ta koma shan ruwan randa, duka ya ƙare. Da aka sake ɗiban jini bayan wata guda, alamar kumburin ta sauka. Ƙarar keken ɗinki ta cika gidan, kuma kullum bayan azahar ana jin wata ƙarar daga ɗaki wadda ta fi ta keken, ko da yake mai ita ya rantse shi ba ya minshari, ido kawai yake rufewa.

Likita ta sake ba da kwalabe don a maimaita na Gajera, ta ƙara da wasu tara, ta ce tana so ta fara duba masu jinya su ma, kuma da shi za ta fara. Auta ta ɗaura wa nasa baƙin zare a wuya don kada jijiyar ruwa ta sake haɗuwa.

Da safe ya buɗe jajayen murafe biyu. Ya ba ta audugarta, ya jefa tasa a baki. Suka zauna a bakin gado suna taunawa kamar awaki biyu, tana kallon sa yana kallon ta. Da suka gama ya rufe kowace a kwalbarta, ya duba zaren sau biyu. Rabonsa da gwajinsa na kansa tun ranar da ya kai saba'in. Tsoron shirun yake ji. Ya tsaya a bakin taga, ya ba Gajera baya, ya ce a hankali:

"Gaba arba'in fa."

Keken Auta bai fara ba tukuna. Wani mai kurar ruwa ya wuce a titi. Mai Rijiya ya ɗauki kwalaben zai kai firij, har ya kai ƙofa.

"Sha bakwai."

Ya tsaya cak, bai juyo ba, don kada ta ga fuskarsa.

"Ke kika shiga, ko ni?"

Ta daɗe tana duban tafin hannunta, tana shafa tabon da ɗan yatsa, kamar tana neman inda ta san shi. Sauran maganar ba ta zo ba. Ya dawo ya zauna kusa da ita, ya rufe hannun da nasa.

"Ke kika riƙe igiyar," in ji shi. "Sha bakwai ne. Na gode."